Daga Rami zuwa Ƙofar Masana'anta: Jagorar Harkar Dutsen Farar Ƙasa

Duk wanda ya taɓa leƙa siton masana'antar roba a Sharaɗa, Chalawa ko Bompai a Kano, ya ga buhunan wani farin gari jibge har kusa da rufi. Garin dutsen farar ƙasa ne, wanda masana sinadarai ke kira kalsiyam kabonet. Shi ke cika bokitin fenti, shi ke ƙara wa bututun ruwa na roba jiki, yana cikin abincin kajin ƙwai, da sabulu, da takarda, da man goge baki, da garin shafen bango. Siminti kuwa, fiye da kashi uku cikin huɗu na kayan haɗinsa wannan dutse ne.

Dutsen kansa arha ne, kuma Allah ya hore mana shi daga Sakkwato har Kuros Riba. Abin da masana'anta ke biyan kuɗi a kai shi ne hasken garin, da laushinsa, da bushewarsa, da kuma tabbacin cewa motar wannan wata za ta zo daidai da ta watan jiya. Shi ya sa matakan nan suka fara daga wurin mai saye. Mutane da yawa daga rami suke farawa, sai sun tara tsibin dutse sannan su shiga neman wanda zai karɓa.

Mataki na 1: Nemi mai saye, ka karɓi ƙa'idojinsa a rubuce

Kafin ka kashe ko kwabo, zagaya masana'antun da kake sa ran sayar musu. Kada ka tsaya wajen mai sayen kaya kaɗai. Nemi ganin wanda ke kula da ingancin kaya a ɗakin gwajinsu, domin shi ne zai karɓi motarka ko ya mayar da ita. Ka roƙi takardar ƙa'idojin kayan da suke amfani da shi, da ɗan samfur a leda.

Kowace harka da irin abin da take nema. Masu fenti da masu garin shafen bango haske suka fi damuwa da shi. Da na'ura ake auna hasken, kuma galibi suna neman daga maki 90 zuwa sama. Masu bututun roba da leda laushi da bushewa suke bi, saboda danshi kaɗan yana fitar da ƙuraje da ƙananan ramuka a jikin roba, tsakuwa ɗaya kuma tana iya yaga leda a cikin inji. Masu abincin kaji ba ruwansu da fari. Abin da ke gabansu yawan kalsiyam ne da ƙarancin maganiziyam. Dutse mai tsafta yana da kalsiyam kashi 40 cikin ɗari, kuma ɓawon ƙwai kusan dukkansa kalsiyam kabonet ne. Ga kajin ƙwai ana son wani kaso ya zo da tsaki-tsaki, milimita 2 zuwa 4, don ya daɗe a ƙundu yana narkewa cikin dare, lokacin da kaza ke gina ɓawo.

Da lambar rariya ake cinikin laushi, abin da 'yan harkar ke cewa "mesh". Mesh 200 kusan maikiron 75 ne, mesh 325 kusan maikiron 45, mesh 1250 kuma wajen maikiron 10. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Duk yadda lambar ta ƙaru, garin ya fi laushi, farashi ya hau, kuɗin wuta da na inji su ma sun hau.

Shawarata ga sabon shiga ita ce ya manta da kamfanonin siminti. Dangote a Obajana da Gboko, BUA a Kalambaina ta Sakkwato da Okpella, da masana'antar Ashaka a Gombe, kowannensu a bakin raminsa ya kafa inji. Ba sa buƙatar tipar kowa. Kasuwar ƙaramin ɗan kasuwa tana wajen abincin kaji, fenti, shafen bango da roba, kuma abincin kaji ya fi sauƙin shiga.

Mataki na 2: Gane dutsen da ya dace

Iri biyu ake samu. Akwai dutsen farar ƙasa na asali, wanda ya taru shimfiɗa-shimfiɗa a ƙarƙashin tsohon teku, har ana tsintar burbushin katantanwa a cikinsa. Irinsa ne a Kalambaina, inda aka kafa kamfanin siminti a 1962 ya fara aiki a 1967, kuma shimfiɗar yankin ta ratsa iyaka har Malbaza a jihar Tawa ta Nijar, inda su ma suke da masana'antar siminti. Irinsa ne kuma a Ashaka, Gboko, Ewekoro da Nkalagu. Yana da sauƙin fasawa, amma sau da yawa yumɓu ya gauraye shi, launinsa ya karkata zuwa toka ko ruwan ƙasa. Ya yi wa siminti, abincin kaji da gyaran gona.

Na biyu shi ne mabul, wato farar ƙasar da zafi da nauyin ƙasa suka gasa har ta koma ƙyalƙyali. Ana samun sa a Okpella da Igarra a jihar Edo, Jakura da Itobe a Kogi, Toto a Nasarawa, Kwakuti a jihar Neja, da Igbeti a Oyo. Daga nan farin garin fenti da roba yake fitowa.

Tarkon da ke nan shi ne dolomait. A ido fari ne tas, wani lokaci ma ya fi na gaske kyau, amma maganiziyam ya yi masa yawa. Mabul ɗin Igbeti ya yi suna da wannan. Masu fenti na iya karɓa, masu gilashi ma suna nemansa, amma idan ka kai wa mai kajin ƙwai, kashin kajin zai tsinke, ɓawo ya yi laushi, shi ke nan ka rasa abokin ciniki.

A daji za ka iya yin gwaji biyu. Kanka dutsen da wuƙa: farar ƙasa tana kankaruwa cikin sauƙi, domin taurinta mataki na 3 ne a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, farin dutsen wuta kuwa mataki na 7 ne, wuƙa ba ta cin sa. Sannan ɗiga masa asid ɗin haidirokulorik da aka sirka zuwa kashi 10 cikin ɗari. Idan ya tafasa nan take da kumfa, kalsiyam kabonet ne. Idan ya yi shiru, sai ka kanke shi ya zama gari sannan ya motsa a hankali, dolomait ne.

Wannan gwajin share fage ne kawai. Dole samfur ya je ɗakin gwaji. Hukumar binciken ƙasa ta Najeriya, NGSA, tana da babban ɗakin gwaji a Kaduna, wasu jami'o'i ma suna yi. Abin da za ka duba a sakamakon shi ne kalsiyam oksaid, wanda a dutse mai tsafta kashi 56 ne. Idan naka ya kai 53 zuwa 55, ka dace. Sai ka duba maganiziyam, da silika mai cinye haƙoran inji, da ƙarfe mai sa gari ya yi ja-ja.

Yadda ake ɗaukar samfur ya fi gwajin kansa muhimmanci. Dillalin da ya kai ka wurin zai tsinto maka dutsen da ya fi kowanne fari, kuma ba lallai da mugun nufi ba, haka ido yake. Kai ka ɗiba daga wurare da dama, sama da ƙasa, har da ɓangaren da bai yi maka kyau ba, kowanne a ledarsa da lambarsa. Ka ɗauki masanin duwatsu mai rajista da COMEG, hukumar da ke yi wa injiniyoyin ma'adinai da masanan duwatsu rajista, ya haƙa ramukan gwaji ko ya huda ƙasa, ya gaya maka kaurin dutsen da kaurin ƙasar da ta rufe shi. Lissafin ba wuya: hekta ɗaya mai dutse kaurin mita 10 tana ɗauke da kusan tan 260,000. Injin da ke niƙa tan 3 a awa, awa 10 a rana, kwana 25 a wata, tan 9,000 yake ci a shekara. Ka ga ba faɗin fili kake buƙata ba, dutse mai kyau kusa da hanya kake buƙata, wanda ƙasar samansa ba ta yi kauri ba. Inda sai ka kwashe mita 8 na ƙasa kafin ka taɓa mita 4 na dutse, kuɗin man gas zai cinye ribar tun ba a loda motar farko ba.

Mataki na 3: Takardun gwamnati da yardar mutanen gari

A Najeriya duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, ko da gonar gadonka ce. Haka sashe na 44 na tsarin mulki ya tanada, kuma dokar ma'adinai ta 2007 da ƙa'idojinta na 2011 su ke tafiyar da harkar. Takardar sayen fili daga dagaci ba lasisin haƙa ba ce.

Fara da yi wa kamfani rajista a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ka samu lambar haraji. Sannan ka ɗauki lambobin taswirar wurin da na'urar GPS, ka duba a Ofishin Kadasta na Ma'adinai, MCO, ko wani ya riga ka. Wanda ya fara nema shi ake ba, kuma yanzu ta intanet ake shigar da buƙata. Wurin da ka gani daji ne babu kowa, a takarda yana iya zama mallakin wani kamfani da bai taɓa taka ƙafarsa can ba. Idan haka ne, ko dai ka nemi yarjejeniya da shi a rubuce, ko ka canja wuri.

Ga farar ƙasa da mabul, lasisin fasa dutse shi ne aka fi nema: bai wuce murabba'in kilomita 5 ba, shekara 5 yake yi, ana sabuntawa. Akwai kuɗin shekara-shekara, kada ka yi wasa da shi. A watan Nuwamban 2023 ma'aikatar ma'adinai ta soke lasisi 1,633 saboda rashin biyan wannan kuɗi. Akwai kuma kason gwamnati da ake biya kan kowane tan da aka haƙa, da rahoton tasirin aiki ga muhalli wanda dokar 1992 ta wajabta.

Doka ta kuma ce sai da amincewar mai fili a rubuce, da yarjejeniyar raya al'umma tsakaninka da mutanen wurin. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin cike takarda kawai, su sallami mutum biyu ko uku a ɓoye su wuce. Daga baya matasa su datse hanya da itace, tipa goma su kwana a daji. Zauna da sarki ko hakimi, da masu gonaki, da shugabannin matasa da na mata, a fili kowa na gani. A rubuta diyyar amfanin gona da ta itatuwa, da yawan 'yan garin da za a ɗauka aiki, da wanda zai gyara hanya, da abin da za a yi idan bangon wani ya tsage. Kada ka yi alkawarin asibiti alhali rijiyar burtsatse ce ƙarfinka.

Wanda jarinsa bai kai ba, babu dole sai ya mallaki rami. Yana iya neman izinin saye da mallakar ma'adinai, ya riƙa sayen dutse daga masu lasisi, ya tsaya a niƙa. A ganina wannan ya fi wa yawancin masu farawa.

Mataki na 4: Buɗe rami

Hanya ake fara yi. A zuba mata tsakuwa, a yi mata magudanar ruwa, domin a Kogi da Edo ruwan sama yana kai wa daga Afrilu har Oktoba, kuma tipa mai tan 20 ba ta tafiya a taɓo.

Sai kwashe ƙasar sama. Baƙar ƙasar noma a tara ta gefe guda, za a buƙace ta ranar da za a rufe ramin. Jar ƙasa da ruɓaɓɓen dutse a kai su nesa, kuma a ɓangaren gangare, don kada ruwan sama ya wanko su ya dawo da su kan farin dutse. A share saman dutsen ya fita sosai kafin a fara fasawa, a kuma bar tazara tsakanin bakin rami da inda ƙasa ta tsaya. Mafi yawan jan da ke ɓata gari daga wannan sakaci yake shiga.

A yanka ramin hawa-hawa, kowane hawa mita 5 zuwa 10 gwargwadon tsawon hannun motar haƙa, da faɗin da mota za ta juya a kai. Haramun ne a bar leburori su riƙa rarake gindin bango don dutsen can ya fi kyau. Bangon da aka ci gindinsa ba ya sanarwa kafin ya rufto. Kowace safiya, musamman bayan ruwa, wani ya bi bakin ramin ta sama ya duba ko ƙasa ta tsage.

Dutse mai laushi ko mai tsage-tsage, motar haƙa mai gudumar ƙarfe ta ishe shi. Mabul mai tauri kuwa sai nakiya, kuma nan babu dabara ko gajeriyar hanya. Saye, ɗauka, ajiya da tayar da nakiya duk sai da izini a ƙarƙashin dokar abubuwan fashewa ta 1964, da sa idon sashen duba ma'adinai da jami'an tsaro. Ka ba kamfani mai lasisi kwangilar aikin, ya zo da ƙwararrensa. Fashewar da ta rusa gidaje a unguwar Bodija ta Ibadan a watan Janairun 2024, hukumomi sun danganta ta da nakiyar masu haƙar ma'adinai da aka ɓoye a cikin gida. Naka aikin shi ne sa lokaci guda sananne, busa jiniya, tare duk hanyoyin shiga har da burtalin shanu, da hana kowa komawa sai ƙwararren ya tabbatar babu nakiyar da ta ƙi tashi. Ka kuma gaya masa girman dutsen da bakin injinka ke ɗauka, saboda tazarar hudar da zai yi ita ke sa dutse ya fito manya ko ƙanana.

Hular kwano, takalmin ƙarfe, abin toshe kunne da takunkumin ƙura ba ado ba ne. Ƙurar da ke da silika tana taruwa a huhu, kuma ciwon da take haifarwa ba ya warkewa. A tanadi injin jan ruwa, a kewaye ramin da shinge, domin ramin da ya cika da ruwan damina yara ke fara ganowa.

Mataki na 5: Tsinta da busarwa

Wannan aiki ne mai arha wanda ke raba farashi gida biyu. A sa mutane su ware dutsen tun a bakin rami: fari tas gefe guda, mai ratsin toka gefe, mai ja ko baƙin ɗigo gefe. Na farko na fenti da roba ne, na biyu na shafen bango, na uku na abincin kaji idan gwaji ya nuna kalsiyam ɗinsa ya kai, ko na gyaran ƙasar gona mai tsami. Babu abin zubarwa. Dutsen da yumɓu ya manne masa a wanke shi, a shanya a daɓen siminti, ba a kan ƙasa ba. Da rani ake tara dutsen da za a niƙa da damina, a ajiye shi ƙarƙashin rumfa.

Mataki na 6: Jigila

Nan ne kuɗi ya fi zurarewa. Daga Okpella zuwa Kano kusan kilomita 700 ne, ta Okene, Lokoja, Abuja da Kaduna, kuma a irin wannan tafiya kuɗin mota kan zarce kuɗin dutsen da ke cikinta. Don haka tambaya ta farko ita ce a ina za a kafa injin niƙa. Idan kusa da rami ne, gari tsantsa za ka ɗauka, ba ka biyan kuɗin dakon datti da ruwa, amma sai ka yi fama da rashin wuta da ƙarancin makanikai. Idan kusa da kasuwa ne, kana iya haɗa dutse daga ramuka daban-daban, kana kuma kai kaya cikin yini guda. Tsakiyar hanya ita ce a fasa, a tsince, a busar a bakin rami, a yi niƙan ƙarshe a gari.

Da sikeli ake ciniki. "Tipa ɗaya" ba awo ba ne, domin lodin safe da na yamma ba sa zuwa ɗaya. A auna mota babu kaya, a auna ta da kaya, a wajen lodi da wajen saukewa, kuma a rubuta tun farko wanda zai ɗauki asarar bambancin. A kula da ruwa: idan dutse ya sha danshi kashi 5 cikin ɗari, a lodin tan 30 ka biya dakon tan ɗaya da rabi na ruwa zalla, sannan ka sake biyan kuɗin busar da shi.

Motocin da ke kai shanu, albasa, tumatir da hatsi Kudu suna neman lodin dawowa, kuma da su ake samun sauƙin farashi. Sharaɗin shi ne ka hau bayan motar da kanka ka duba. Wadda ta ɗauki gawayi, kwal, siminti, taki ko dabbobi, sai an wanke ta, ta bushe, an shimfiɗa leda ko tamfol a ƙasa, an rufe sama da wani. Ƙurar kwal cikin tafin hannu ta isa ta rage hasken buhuna da yawa. Tirelar tan 30 buhu 600 take ɗauka na kilo 50. Direba zai ce maka tana iya fin haka. Tana iyawa, amma ranar da gatari ya karye a hawan dutse, kayanka ne zai kwana uku a bakin titi cikin ruwa.

Kowace mota ta tafi da takardar kaya mai nuna nauyi da inda za a sauke, da kwafin lasisi, da rasit ɗin biyan kason gwamnati. Shingayen karɓar haraji na jihohi da ƙananan hukumomi suna da yawa a hanya. Ka tambayi direbobin da suka saba bin ta nawa suke kashewa, ka sa a lissafi tun kafin ka yanka wa mai saye farashi.

Mataki na 7: Niƙa

Dutse yana bin inji uku. Na farko mai muƙamuƙi ne, yana karya manyan duwatsu zuwa kamar santimita 5 zuwa 10. Na biyu mai guduma ne, yana mayar da su ƙasa da santimita 3. Idan abincin kaji kake yi, kusan a nan aikinka ya ƙare, sai rariya mai girgiza ta raba tsaki da gari.

Na uku shi ne injin gari. Wanda aka fi gani shi ne samfurin Raymond, mai naɗin ƙarfe da ke murje dutse a jikin zobe, iska ta ɗaga garin zuwa wata fanka mai tacewa a sama. Mai laushi ya wuce, mai kauri ya faɗo a sake murje shi. Gudun fankar nan shi ke ƙayyade mesh. Wannan inji yana kai wa mesh 325 zuwa 400 lafiya lau. Daga 600 zuwa sama sai injin ƙwallaye haɗe da na'urar tacewa ta musamman, ko injin zobba na gari mai laushi sosai. Ka sani duk lokacin da ka ƙara laushi, yawan tan da inji ke fitarwa a awa yana faɗuwa sosai. Idan mai sayar da inji ya ce maka "tan 5 a awa", tambaye shi a mesh nawa, kuma da wane irin dutse.

Abu uku kada a tsallake su. A sa maganaɗisu a kan bel kafin injin gari, don ya kama ƙusa da gutsuren haƙorin motar haƙa. A sa matatar ƙura mai jakunkuna, domin ƙurar da ke tashi ita ce garinka mafi laushi kuma mafi tsada, ga ta kuma ita ke haɗa ka faɗa da maƙwabta da hukumar kare muhalli, NESREA. Sannan kada a zuba jiƙaƙƙen dutse, yana dunƙulewa ya toshe inji. Idan an gama niƙa dutse mai launi za a koma fari, buhunan farko a ware su a sa su a ƙaramin aji.

Wuta ita ce babban kuɗin da ke fita kullum. Tun da aka ƙara kuɗin lantarki na rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni, a watan Afrilun 2024, wanda bai san yunit nawa na wuta yake ci a kowane tan ba, bai san ko riba yake ci ko faɗuwa ba. Sa wa injin mita tasa daban. Janareta kuma ya fi ƙarfin injin da tazara mai kyau, saboda babbar motar lantarki mai juya inji tana jan wuta ninki-ninki lokacin tashi.

Masu roba sukan nemi gari mai rufi. Ana zafafa garin a gauraya shi da sinadarin sitiyarik asid, kusan kashi 1 cikin ɗari na nauyinsa, don ya daina shan danshi ya kuma saje da roba. Gwajinsa a kofi ake yi: barbaɗa garin a kan ruwa, mai rufi zai yi iyo, marar rufi ya nutse.

Akwai wani reshe na dabam, wato ƙona dutsen a tanda mai zafin digiri 900 zuwa sama. Iskar kabon takan fice, tan ɗaya na dutse mai tsafta ya bar kilo 560 na ƙonanniyar farar ƙasa. Idan aka shayar da ita ruwa, ita ce ake amfani da ita a matatun ruwan sha da masana'antun sukari. Daga ita kuma ake yin wani gari mai laushi ƙwarai da masu takarda da magunguna ke saye. Jarinsa da haɗarinsa sun fi na niƙa nesa ba kusa ba, ƙonanniyar tana ƙuna fata tana makantar da ido, ba wurin farawa ba ne.

Mataki na 8: Gwaji, buhu da karɓar kuɗi

Ba sai ka gina babban ɗakin gwaji ba. Ƙaramin sikeli mai auna giram, rariyoyin gwaji na mesh 200 da 325, da ƙaramar tanda sun isa aikin yau da kullum. Auna giram 100, wanke shi ta cikin rariya da ruwa, busar da abin da ya rage ka auna, shi ne kason tsakin da ke ciki. Don danshi, auna giram 100, sa a tanda mai digiri 105 na awa biyu, sake aunawa. Masu roba galibi ba sa son ya wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Don haske, ajiye samfurin da mai saye ya amince da shi, ka riƙa danna naka kusa da nasa a kan farar takarda, a hasken rana. Cikakken gwajin sinadarai kuwa a maimaita shi duk lokacin da rami ya sauka sabon hawa, domin dutse yana canja hali da zurfi.

Buhu na kilo 25 ko 50, mai leda a ciki, ko babban buhu na tan ɗaya ga masu injin ɗaga kaya. A jera a kan katako, nesa da bango. A rubuta mesh, ranar niƙa da lambar rukuni a jikin kowanne. Abin da zai shiga abincin dabbobi, abincin mutane ko magani, sai an bi ta NAFDAC, sauran kuma akwai ƙa'idojin hukumar ingancin kayayyaki, SON.

Daga kowace mota ka ɗebi samfur biyu a gaban direba, ka liƙe, ɗaya ya bi kaya, ɗaya ya zauna wurinka wata uku. Ranar da aka kira ka aka ce kayanka ya ɓata musu aiki, wannan ledar ce za ta raba gardama.

Manyan masana'antu ba sa biya a bakin mota. Sukan ɗauki kwana 30, wani lokaci fiye, alhali mai man gas, direba da leburori hannu da hannu suke so. Kafin ka karɓi odar tirela goma a wata, lissafa ko kana da kuɗin da zai riƙe aikin wata biyu ba tare da ko sisi ya shigo ba. Idan babu, karɓi ta tirela uku, ka cike sauran da masu abincin kaji da masu shafen bango, waɗanda ke saye kaɗan-kaɗan amma suna biya nan take.